Na ɓoye wa matata sakamakon gwaji, ko allurar mutanen Sin za ta rufa mini asiri?

Assalamu alaikum, Malam. Ni direban babbar mota ne, shekarata 39, ina jigilar kaya tsakanin Arewa da Legas. Shekararmu shida da aure, matata tana da shekara 32, kuma ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Ta je asibiti sau da dama, an yi mata hoto da gwajin jini, an ce ba a ga wata matsala ba. Wata huɗu da suka wuce, bayan na tashi daga wani zazzaɓi mai zafi, na je a ɓoye aka yi mini gwajin maniyyi. Takardar ta nuna ƙwayoyi miliyan 9 a kowace mililita, kuma kashi 25 cikin ɗari ne kaɗai ke motsi. Ban gaya wa kowa ba. Hajiyarmu ta dage sai na ƙara aure, 'yan'uwana mata suna yi wa matata gori, ita kuwa daga kuka sai addu'a. Ina shan sigari, nakan sha taramol idan tafiya ta yi nisa, kuma wani mai kemis ya daɗe yana yi mini allurar ƙarin ƙarfi wadda ya kira testostiron, ta ƙarshe wata shida ke nan. Ta fuskar shimfiɗa ba ni da matsala ko kaɗan, shi ya sa abin ya ɗaure mini kai. Wani abokina ya ce akwai wurin da ake tsira wa mutum siraran allurai irin na mutanen Sin, wai akufanca, kuma tana ƙara ƙwayoyin haihuwa. Kuɗin zama goma sha biyu ya kai abin da nake samu a wata biyu. Shin in biya in yi a ɓoye, idan Allah ya kawo rabo shi ke nan asirina ya rufu?

Wani direba

Wa alaikumus salam, ɗan'uwana. Kafin komai ina so ka sani cewa zuwan da ka yi da ƙafarka aka gwada ka abu ne da maza da yawa suke shekara goma suna guje masa, suna barin matansu su yi ta zarya tsakanin asibiti da masu magani. Na kuma fahimci abin da ya sa ka naɗe takardar ka ɓoye, domin a wurinmu an ɗaure maganar haihuwa da mutuncin namiji tamau, har mutum yakan ji kamar an tuɓe masa riga a tsakiyar kasuwa. Amsata a kan tambayarka ita ce kada ka biya kuɗin nan yanzu, kuma duk abin da za ka yi nan gaba kada ka yi shi a ɓoye wa matarka. Bari in bi maka dalilan a hankali, in fara da takardar da ke aljihunka.

A ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, iyakar ƙasa da ake kwatanta sakamako da ita ita ce ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita, kuma kashi 42 cikin ɗari su kasance masu motsi. Naka ya gaza wannan ta fuska biyun, ba zan ɓoye maka ba. Sai dai miliyan 9 ba babu ba ne, kuma akwai mazan da suka haihu da irin wannan adadi, ko da yake sukan fi daɗewa kafin rabo ya zo. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne lokacin da aka yi maka gwajin. Ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ta ƙosa a cikin maraina, sannan ta ƙara wasu kwanaki kafin ta fito, saboda haka abin da aka gani a ranar gwaji labarin wata ukun da suka gabata ne. Zazzaɓi mai zafi yana iya karya yawan ƙwayoyi da motsinsu har tsawon wata uku, kai kuwa daga tashinka daga jinya ka je. Ban da wannan, a lokacin wata biyu kacal ke nan da allurarka ta ƙarshe. Likitoci ba sa yanke hukunci da gwaji ɗaya ko da babu irin waɗannan dalilai, balle ga su har biyu. Ka sake gwajin a ɗakin gwaji na babban asibiti, bayan ka ƙaurace wa iyali na kwana biyu zuwa bakwai, kuma a miƙa samfurin cikin sa'a ɗaya.

Maganar allurar nan ta kemis tana buƙatar mu tsaya a kanta, domin ita ce ta fi ba ni tsoro a wasiƙarka, kuma ita ce ta fi ba ni fata. Ƙarfin namiji a shimfiɗa daban, ƙwayoyin haihuwa daban. Mutum yana iya zama lafiyayye sarai wajen kwanciya, maniyyinsa ya fita da kauri da yawa, alhali babu ƙwaya ko ɗaya a ciki, saboda mafi yawan ruwan daga wasu gaɓoɓi yake fitowa, kuma ido ba ya ganin ƙwayoyin sai da madubin likita. Testostiron ɗin da ake yi wa mutum daga waje yana yaudarar ƙwaƙwalwa. Idan ta ga sinadarin ya wadata a cikin jini, sai ta daina aika saƙon da ke sa maraina su yi aikinsu, su kuma su rage ƙera ƙwayoyi ko su tsaya cak. Tasirin ya yi ƙarfin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa gwada wannan allura a shekarun 1990 a matsayin maganin hana haihuwa na maza. Ka ga ke nan abin da aka sayar maka da sunan ƙarin ƙarfi yana iya zama babban dalilin abin da takardar ta nuna. Yawancin maza suna farfaɗowa bayan sun daina, wasu cikin wata shida, wasu sai shekara ɗaya ko biyu. Kada ka sake yarda a yi maka ita, haka nan gaurayen maganin maza na kwalba da na ƙulli da ake tallarsu a tasha, waɗanda babu mai iya gaya maka abin da aka zuba a ciki.

Akufanca kuwa ba damfara ba ce a asalinta, kuma ba na son in yi mata rashin adalci. Hanyar jinya ce da mutanen ƙasar Sin suka fi shekara dubu biyu suna yi, har hukumar UNESCO mai kula da ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya ta cikin al'adun da ɗan'adam ya gada a 2010. Mai yin ta yana tsira allurai sirara ƙwarai a wasu zaɓaɓɓun wurare na jiki, ya bar su kamar minti ashirin zuwa talatin, sannan ya zare. Ba a zuba magani a cikin allurar, ba a kuma fitar da jini kamar yadda wanzami yake yi da ƙaho. A fahimtar masu ita na gargajiya, akwai wani ƙarfi da suke kira ci da ke gudana ta wasu hanyoyi a jiki, allurar kuma tana daidaita gudanarsa. Masu binciken zamani sun fi danganta abin da ake ji da taɓa jijiyoyi da kuma sinadaran rage raɗaɗi da jiki ke saki da kansa.

Tambayar ita ce ko tana sa a haihu, kuma a nan hujjar ta yi rauni. Binciken da aka yi a kan maza 'yan kaɗan ne, kuma mutanen da aka gwada a kowanne ba su da yawa. A wani da aka yi a Jamus aka wallafa a 2009, an raba maza masu ƙarancin ƙwayoyi gida biyu, aka yi wa wasu allurar gaske, wasu kuma ta kwaikwayo wadda ba ta shiga fata. An ga motsin ƙwayoyi ya ɗan ƙaru a wurin waɗanda aka yi wa ta gaske, amma allurar ba ta ƙara yawansu ba. Masanan da suka tattara irin waɗannan bincike daga baya sun ce ba su isa a ce akufanca tana maganin rashin haihuwar namiji ba. Wani babban gwaji a wannan fage a kan mata aka yi shi, a Ostareliya da Niyu Zilan, aka wallafa a 2018: mata fiye da 800 masu neman haihuwa ta hanyar dashen ƙwai, wato a haɗa ƙwan mace da maniyyi a ɗakin gwaji sannan a mayar cikin mahaifa, kuma adadin waɗanda suka haihu bai bambanta ba tsakanin masu allurar gaske da masu ta kwaikwayo. Ɗan ƙarin motsi a takardar gwaji ba shi ne jariri a zanen goyo ba, ɗan'uwana, kuma kai jaririn kake nema. Allura ba ta buɗe hanyar maniyyi da ta toshe, ba ta gyara jijiyar da ta kumbura, ba ta kuma goge ɓarnar sigari muddin mutum yana ci gaba da sha.

Inda nake ganin za ta iya amfanar mutum irinka shi ne ta wata ƙofa daban. Hujjar da ake da ita a kan ciwon baya mai daɗewa ta fi ta haihuwa ƙarfi, kuma mutane da yawa suna cewa tana sa su sami natsuwa da barci. Idan ciwon baya da gajiyar hanya ne suke kai ka ga taramol, duk abin da zai rage maka su ba tare da ƙwaya ba alheri ne. Saboda haka idan wata rana, bayan ka ga likita, kuɗi ya rage maka kuma ranka yana so, ba zan hana ka ba, da sharaɗin ka ɗauke ta a matsayin taimako na gefe. Ka tabbata mai yin ta ya koya a makarantar da aka sani, kuma a gabanka zai yage sabuwar allura daga cikin ledarta ya jefar bayan an gama, domin allurar da aka maimaita tana ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau kamar askar wanzamin da ba a tsabtace ba. Akwai wani ɓangare na wannan jinya da ake ƙona busasshen ganye kusa da fata don a ɗumama wurin. Kada ka bari a kusanto da zafin nan ga marainanka. Kada ka karɓi haɗin ganyen da ba ka nuna wa likitanka ba, kada ka biya kuɗin zama goma sha biyu a dunƙule, kuma duk wanda ya yi maka alkawarin ciki cikin wata kaza, ka ɗauki hularka ka fita.

Kuɗin nan ya fi dacewa ya fara zuwa wurin likitan mafitsara, wanda shi ne ke duba al'amuran haihuwar maza. Akwai su a asibitocin koyarwa, irin su na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Zai duba marainanka da hannu, wataƙila ya sa a yi hoto da gwajin jini na sinadaran haihuwa. Abin da aka fi samu shi ne kumburin jijiyoyin jini na maraina, galibi a gefen hagu, wanda ke ƙara wa wurin zafi. Kimanin maza 15 cikin ɗari suna da shi, amma a cikin masu neman haihuwa yakan kai kusan huɗu cikin goma, kuma ƙaramar tiyata ce gyaransa. Ka gaya wa likitan komai ba tare da kunya ba: allurar kemis da sau nawa aka yi, taramol da yawansa, ko ka taɓa yin ciwon sanyi, ko hangum ya kama ka bayan ka balaga har maraina suka kumbura, ko ka yi tsargiya lokacin ƙuruciya, ko an taɓa yi maka aikin gwaiwa, ko kana da ciwon suga. Kowanne daga cikin waɗannan yana canza irin maganin da za a ba ka.

Abin da ke hannunka kuwa ka fara shi tun yau, ka kuma ba shi wata uku cur kafin ka auna, saboda lissafin kwana 74 ɗin nan. Sigari tana rage yawan ƙwayoyi da motsinsu, tana kuma lalata ƙwayar halittar da ke cikinsu, kuma shisha ba ta fi ta sauƙi ba. Taramol da danginsa irin su kodin suna danne sinadarin namiji na jiki. Idan jikinka ya riga ya saba da shi, kada ka yanke rana ɗaya kana kan hanya. Ka gaya wa likita ya tsara maka yadda za ka sauka a hankali. Sai maganar zafi, wadda sana'arka ta sa ta zama dole. Allah ya ajiye maraina a wajen jiki ne domin suna buƙatar sanyin da ya gaza zafin jiki da digiri biyu zuwa huɗu, kai kuwa kana wuni a zaune a kan kujerar da injin ke ƙarƙashinta. Ba zan ce ka bar tuƙi ba, da shi kake ci da iyali. Amma ka riƙa tsayawa bayan kowace sa'a biyu ko uku ka taka ƙasa na 'yan mintoci, ka sa wando mai walwala na auduga, ka kuma shimfiɗa wa kujerar abin da iska ke ratsawa. A abinci ka yawaita wake, gyaɗa, kifi, ƙwai, zogale, tumatir, lemo da kankana, ka rage lemon kwalba da soye-soyen tasha, idan kuma tumbi ya fara fitowa ka yi ƙoƙarin rage shi. Kada ka zuba kuɗi a ƙwayoyin bitamin masu tsada da ake tallatawa da sunan ƙarin maniyyi. An yi babban gwaji a Amurka a kan ma'aurata 2,370, aka wallafa a 2020, inda aka ba mazan sinadarin zinki da folik asid wata shida, kuma ba a ga ƙari a ingancin maniyyi ko a yawan haihuwa ba.

Akwai kuma wani abu da direbobi da 'yan kasuwa masu yawan tafiya ba su cika lura da shi ba. A kowane wata kwanaki kamar shida ne kawai mace take iya ɗaukar ciki, wato kwana biyar kafin fitar ƙwai da ranar fitarsa, domin ƙwayar namiji tana iya rayuwa a jikinta har kwana biyar, ƙwan kuwa ba ya wuce kwana ɗaya. Ƙwan yakan fita kimanin kwana 14 kafin zuwan al'ada ta gaba. Idan kwanakin nan suna yawan riskar ka a hanyar Legas, ko ƙwayoyinka sun cika ma'auni sai a daɗe ana jira. Kana buƙatar ka san kwanakin matarka ka tsara lodinka a kansu gwargwadon iko, kuma idan kana gida ku riƙa saduwa duk bayan kwana biyu ko uku. Wannan lissafi ba ya yiwuwa sai da ita, kuma shi ya kawo ni ga abin da ya fi nauyi a wasiƙarka.

Ɗan'uwana, baiwar Allah nan ta shekara shida tana ɗauke da laifin da ba a tabbatar nata ba ne, kuma wata huɗu ke nan kana da takardar da za ta sauke mata rabin kayan, kana kallo ana yi mata gori. Na san tsoro ne ya rufe maka baki, ba mugunta ba. Amma ka dubi abin daga inda take zaune: tana kuka tana roƙon Allah ya gyara ta, tana jin ana shirin yi mata kishiya saboda wani aibi da take zaton nata ne, alhali mutumin da ke kwana kusa da ita ya san wani abu dabam. A kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa jinkiri akwai hannun namiji a ciki, ko shi kaɗai ko tare da matar, don haka abin da ya same ka ba baƙo ba ne. Tana da haƙƙin sani, domin rayuwarta ce ita ma, kuma shekarunta suna tafiya. Damar ɗaukar ciki ga mace tana raguwa sosai bayan shekara 35, saboda haka kowace shekara da aka ɓata a ɓoye-ɓoye daga rabonta ake cirewa. Ka zaɓi daren da kuke ku biyu, ka nuna mata takardar, ka gaya mata yaushe aka yi da abin da ya hana ka magana, ka nemi gafararta a kan shirun da ka yi lokacin da ake cin fuskarta. Tana iya fushi, tana iya kwana biyu ba ta sake maka fuska ba, kuma ka bar ta ta yi, ta cancanta. Sannan ka roƙe ta ta raka ka wurin likita, a duba ku tare.

Hajiya kuma jika take so, kuma abin da ta sani shi ne idan gida ya yi shiru a ƙaro mace. Ba ta da laifi a kan abin da ba a gaya mata ba. Amma ƙarin aure a wannan hali ba zai ƙara maka ƙwaya ko ɗaya ba, sai dai ya jawo 'yar mutane ta biyu cikin jira da zargi, ya kuma cinye kuɗin da za ka nemi magani da shi. Ba dole ne ka karanta wa Hajiya alƙaluma ba. Ya isa ka durƙusa ka ce mata likita ya duba ku, ya ce matarka lafiyarta ƙalau, kai ne ake yi wa magani, kana neman addu'arta da haƙurin shekara guda. Uwa ba ta tallar asirin ɗanta, kuma mai yiwuwa ita da kanta za ta tsawata wa 'yan'uwanka. Idan ba ta yi ba, kai ne za ka gaya musu cikin ladabi cewa maganar haihuwa a gidanka ta daina zama abin hira. Idan kana jin nauyin fuskantar Hajiya kai kaɗai, ka nemi kawu ko wani dattijo mai riƙe sirri ya zauna tare da ku.

Idan an yi duk wannan, aka sake gwaji bayan wata uku da kuma bayan wata shida ba a ga canji ba, hanya ba ta ƙare ba. Akwai dabarar da ake tace maniyyin miji a zuba shi kai tsaye cikin mahaifar matarsa a ranar fitar ƙwai, akwai dashen ƙwai, akwai kuma wadda aka fara samun haihuwa ta hanyarta a Beljiyam a 1992, inda ake ɗaukar ƙwayar namiji guda ɗaya a sa ta cikin ƙwan mace, kuma saboda maza masu ƙarancin ƙwayoyi aka ƙirƙiro ta. Ana yin waɗannan a Najeriya, suna da tsada, kuma ba kowane gwaji ne yake kamawa ba, shi ya sa nake so ka tattala kuɗinka tun yanzu. Manyan majalisun fiƙihu sun halatta su matuƙar maniyyin na mijin ne, ƙwan na matar ne, kuma auren yana nan. Kana iya zama da malamin da ka amince da shi ya ƙara maka bayani. Ku riƙa yin addu'ar Annabi Zakariyya tare, kai da ita, a kan sallaya ɗaya.

A wannan mako ka yi magana da matarka, ka karɓi katin ganin likitan mafitsara, ka kuma sa ranar sake gwaji kafin ka ɗauki lodi na gaba. Idan sakamako na biyu ya fito, ka rubuto mini da abin da likita ya ce, mu duba tare ko akwai gurbin da akufanca za ta shiga. Allah ya ba ku zuriya mai albarka, ya sanyaya zuciyar matarka.